Naman da Ya Sa Mini Lalle

Da matata Rabi ta fara daɗewa a shagonta na unguwar Nyohini, na ce ta bar mini girkin dare. Niƙaƙƙen nama da taliya har wani aiki ne?

Na zuba albasa, tafarnuwa da yaji. Sai na hango wani koren gari a gwangwanin madara, an ɓoye shi can bayan tukwane. Na ce yauwa, ga sirrin girkin Rabi! Na zuba ba tsoro, na matsa lemun tsami, na cuɗa da hannu biyu, har ina yi wa yara bayanin yadda ake jira ƙamshi ya ratsa nama.

Rabi na shigowa ta shinshina kwanon, ta kalli tafin hannuna, ta zauna a ƙasa don dariya.

"Baban Sadiya, lallen bikin ƙanwata ka kwaɓa!"

Burodi da shayi muka sha. Washegari a masallaci na ɗaga jan hannu ina addu'a, sahu ya cika da tari.

Lallen ya goge tuni. Amma har yau mahaucin unguwarmu, in ya hango ni, sai ya ɗaga murya: "Amarya, a niƙa miki?"