Rasuwar Tsohuwa, Mai Raba Saƙonnin Shago

Mai shagon kayan injin niƙa ya lulluɓe kwamfutarsa da ƙyalle ranar Talata da hantsi, ya zare wayarta daga bango da hannunsa.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta kasa zama wuri ɗaya yake sanar da 'yan'uwa, maƙwabtan layi da abokan ciniki na kusa da na nesa cewa Tsohuwa ta rasu. Sunanta ke nan a shago. Ta cika a kan teburinta, tsakanin ma'auni da gwangwanayen noti, tana bakin aiki.

Marigayiya ba ta san hoto ba, ba ta san ado ba. Allonta baƙi ne, rubutunta fari, sai ɗan tsinken haske da ke ƙiftawa yana jiran umarni. Wani malamin lissafi da ya taɓa zama a gidan mai shago ne ya haɗa ta, ya koya masa 'yan kalmomin da take ji. Mai shago bai yi nisa a makaranta ba, bai kuma taɓa ɓoye wa kowa ba. Haddace kalmomin ya yi, yadda direba ke haddace hanya. Da yatsu biyu yake buga su.

Aikinta ɗaya ne: imel. Da safe takan yi gyaran murya, ƙirrr, ta ce tit, sannan ta jero saƙonni, kowanne da lambarsa. Shi kuma ya rubuta lamba, ya rubuta sunan rukuni, ya danna babban maɓalli. Saƙo ya wuce inda aka ce ya je. A shagon nan ƙusa ba ta kwana a gwangwanin noti, haka ma saƙon mai gaskiya ba ya kwana da na maƙaryaci.

Shi ya raɗa wa rukunan suna. Akwai Masu Magana Ɗaya. Akwai Gobe-Gobe, wato dillalan da kayansu kullum suna kan hanya. Akwai 'Yan Taya, masu tambayar farashi su ɓace. Akwai Jini, na dangi. Sai Surutu, inda ake ajiye dogayen shawarwarin babban ɗansa kan yadda za a gyara shagon ya dace da zamani. Ɗan ya san da haka, an gaya masa.

An shaida wa marigayiya hali. Ba ta taɓa kai saƙo wani wuri da ra'ayin kanta ba. Ba ta taɓa yi masa talla ba. In ya buga harafi ba daidai ba, layi ɗaya take rubutawa cewa ba ta gane ba, ta yi shiru. Ba ta dariya, ba ta kiran wani ya zo ya karanta masa.

Ciwon ya fara daga fanka. Kuka take yi, ƙiii, ƙiii. Mai shago ya tsufa cikin injuna, ya san kukan ƙarfen da ke neman mai. Ya kwance bayanta ya ɗiga mata baƙin mai, mai kyau, irin wanda yake sayarwa. Ta yi lafiya. Da kukan ya dawo, ya ƙara mata. Ranar Talata ya rubuta lambar saƙo, yana tsakiyar sunan rukuni, sai warin ƙonanniyar waya ya tashi. Allo ya ɗauke. Ko tit ba ta ce ba.

An kira mai gyara. Ya leƙa ciki, ya shafa, ya sunsuna yatsansa.

"Baba, wa ya shayar da ita baƙin mai? Ai wannan ba injin niƙa ba ce."

"Inji inji ne. Duba aikinka."

Ya duba, ya ce ciki ya ƙone. Ya ce zai cigita tsararta, amma ba alkawari. Masu yawo da maganar cewa mai ne ya kashe ta, su zo shago su faɗa a gaban mai ita. Kwananta ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar kibod wanda haruffansa suka goge don aiki, da allo mai ƙatuwar ƙeya, da firinta wadda ba su taɓa jituwa ba, da wayoyi masu yawa, wasu ba a san na mene ne ba. Ta kuma bar mai shago.

Tun ranar bai zauna ba. Ya je bakin ƙofa, ya dawo teburi, ya sake jera gwangwanayen da suke a jere. Yatsunsa biyu suna buga katako su kaɗai. Ya san saƙonni suna can suna taruwa ba mai raba su. A cikinsu akwai na mai babban gidan niƙa, shugaban Masu Magana Ɗaya, wanda ke jiran amsa kan haƙoran inji. Mutumin nan ba ya tambaya sau biyu. In bai ji ba, wani shagon zai nufa.

Babban ɗan ya zo da wayarsa a hannu.

"Baba, saƙonnin ba su mutu da ita ba, suna nan. Ba ni kalmar sirri kawai, yanzu in buɗe in amsa wa kowa."

Mai shago ya kalli wayar. Saƙonnin ɗan ne a kai, komai a tsibi ɗaya, dangi da 'yan talla, ba a san na sama ba balle na ƙasa. Amma ba wannan ne abin ba. Wanda ke amsa saƙo shi ne mai shago. Yau ɗan ya amsa, gobe shi za a nema, jibi a ajiye wa tsoho kujera a inuwa, masu wucewa suna yi masa sannu da hutawa.

Matar mai shago ma ta sa baki. "Malam, ka ba yaron nan mana. Ka cinye simintin tsakar gida da zirga-zirga."

Ya ce mata makoki yake yi.

Ga yadda za a yi. Ranar Asabar, da an buɗe shago, za a goge marigayiya da busasshen ƙyalle. Mai shago da mai gyara ne za su ɗauke ta, a ɗora ta a kan kantar kaya ta sama, kusa da manyan injuna. Masu sayen tsohon ƙarfe kada su kusanci layin. Za a karɓi gaisuwa a shago, a tsaye. Kada kowa ya kawo waya da sunan kyauta. Mai buƙatar kaya ya tako da ƙafarsa har a samo magajiya. Duk wanda ya ga mai gidan niƙa, ya gaya masa haƙoran suna nan, kuma nasa ne.

Ɗan ne ya riƙe wannan sanarwa ana manna ta a ƙofa. Ya karanta har ƙasa, ya sassauta murya.

"To Baba, in an ɗora ta an gama, za ka ba ni kalmar sirrin?"

"Ba zan ba ka ba."