Rakiyar da Na Yi wa Amaryar Selestan

Ko da zan manta da ranar aurena (Allah ya sa uwargida ba za ta ga wannan ba), ba zan taɓa mantawa da ranar auren Selestan ba. Har yau in na tuna sai in rufe fuskata don kunya.

Selestan abokin aikina ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa. Shi tarihi yake koyarwa, ni lissafi. Shi Kirista ne ɗan wajen Mayo-Oulo, ni kuwa jikan fatake ne da suka zo cin kasuwa suka zauna. Shekara shida muna zama tebur ɗaya a ɗakin malamai, har shayi kofi ɗaya muke sha in kofuna sun yi kaɗan.

Masifar ta faro ne daga wata tsohuwar kwamfuta da na saya hannun wani mutumin Duwala. Da na buɗe ta sai na tarar da kiɗe-kiɗen Turawa irin na da, fal a ciki. Wani goge ne zalla, kamar masu goge hamsin sun haɗu. Wani kuma muryoyi ne kawai, maza a ƙasa, mata a sama, suna bin juna ba mai taka wani. Gaskiya abin ya shige ni, wannan ba ƙarya. Ƙaryar ta zo ne daga baya, lokacin da na naɗa kaina masani. Na kwafe kiɗe-kiɗen a wayata, na sayi abin sauraro na saƙalawa a kunne, ina tafe ina kaɗa yatsa a iska. A majalisarmu ta bakin kasuwa aka sa min suna Mayestiro, wato sarkin makaɗa, suna tsokana ne, ni kuwa na ɗauka sarauta ce.

Akwai guda ɗaya da na fi so. Yana farawa a hankali, can ƙasa, kamar mutane na tahowa daga nesa, sannan muryoyi su taso har tsikar jikinka ta tashi. Wata rana na kunna shi a majalisa, sai Alhaji Bappa mai atamfa ya leƙa wayata ya ce, "Mayestiro, mene ne ma'anar wannan rubutun?"

An rubuta Requiem. Ban san ma'anarsa ba. To amma "ban sani ba" ba ta cikin kalmomin da bakina ya iya furtawa a lokacin. Na karanta a zuci: re-ki-yem. Rakiyam. Ai shi ke nan! Rakiya da Hausa, "am" kuma da Fulatanci "nawa". Rakiyata kenan.

"Kiɗan rakiya ne, Alhaji," na ce. "Da shi Turawa ke raka amarya ɗakinta. Ba ka ji yadda yake tafiya a hankali ba? Tafiyar amarya ce."

Kowa ya gyaɗa kai. Na maimaita zancen sau uku, sau huɗu, har ni ma na yarda da shi. Na goge sunan na rubuta "Rakiyar Amarya".

Ana cikin haka Selestan ya samu mata, Odil. Matsalarsa ɗaya ce, surukinsa. Baba Matiyas ya shekara talatin yana jagorantar koral, wato ƙungiyar mawaƙan cocinsu, kuma da ƙyar ya yarda ya ba da 'yarsa ga mutumin da ko baiti ɗaya bai iya rerawa ba. Selestan ya kama hannuna ya ce, "Malam, don Allah ka fitar da ni. Ina son kiɗan da amarya za ta shigo da shi wajen liyafa ya zama wanda tsohon nan zai ji ya san ba bagidaje ya ba 'yarsa ba."

Na bugi ƙirji. Ya tambaye ni sunan kiɗan, na ce sirri ne, sai ranar. (Da na faɗa masa kalmar nan guda ɗaya tak, da ya cece ni. Ashe ma tana jikin kusan kowace takardar sanarwar rasuwa da abokan aikinmu Kirista ke mannawa a allon makaranta. Ni Mayestiro ban taɓa tsayawa na karanta ba.)

Ranar Asabar bayan la'asar na isa ɗakin taro cikin babbar riga mai aiki, na miƙa wa mai kayan sauti wayata. Ɗaki ya cika maƙil. A layin gaba ga matan koral cikin anko, ga Baba Matiyas da sandarsa. Da kunna kiɗan kawai na yi na zauna, da da sauƙi. Ina! Sai da na karɓi makirfo. Na yi jawabi da Faransanci, na maimaita da Fulatanci, na ƙara da Hausa, don kada wani ya tashi bai ji wautata ba. Na ce wannan shi ne kiɗan da manyan Turai ke raka 'ya'yansu mata da shi.

Kiɗa ya tashi. Odil ta shigo cikin farar riga, tana takawa a hankali, ni kuma na lumshe ido ina kaɗa yatsa.

Da na buɗe ido sai na ga ba mai guɗa. Wata tsohuwa a layin gaba ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta kusa da ita ma ta yi. Wani dattijo ya cire hularsa. Uwar amarya ta dafe kai ta fara waige-waige, tana tambayar ko wani labari ne ya zo daga ƙauye ake ɓoye mata. Odil ta tsaya cak a tsakiyar hanya, furanni a hannu. Ni fa har lokacin cewa nake daɗin kiɗan ne ya kama su.

Baba Matiyas ya miƙe, ya ɗaga sandarsa, mai kayan sauti ya kashe. Ya dube ni ya yi magana da Hausa, a natse.

"Ɗana, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba. Rakiyam ne. Kiɗan rakiya."

(Kun ji fa. Ina koya wa mai shekara talatin a koral.)

"Ka san abin da suke faɗa a ciki?"

Na waiwayi mai kayan sauti kamar shi aka tambaya.

"Roƙon Allah suke ya ba mamaci hutawa. Rakiya ce, ɗana, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai wadda aka raka da wannan ba ta dawowa ganin gida."

Makirfo na hannuna a kunne, don haka har na bakin ƙofa sun ji. Wayyo Allah! Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Na dubi Selestan, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kuma wannan ya fi dariyar mutane yi min ciwo. Matan koral ne suka rufa asiri. Ɗaya ta ja waƙa da Fulatanci, saura suka amsa da tafi, aka mayar da Odil bakin ƙofa ta sake shigowa. Ni kuwa na sulale ta ƙofar baya, ko wayata ban tsaya karɓa ba.

Mako biyu Selestan na shan shayinsa shi kaɗai. Ranar nan na tattara sauran mutuncina na tafi gidan Baba Matiyas, na durƙusa na ce laifin nawa ne, surukinsa bai san komai ba. Ya ce ya sani, ko Selestan rashin saninsa bai kai nan ba. Sannan ya ce in kawo kwamfutar da na samo kiɗan a ciki.

Muka zauna a gindin mangwaro yana saurara ɗaya bayan ɗaya. Wannan na Kirsimeti ne, wancan na lokacin azuminsu, wannan kuma, mai ƙaho da annashuwa, shi ne na biki, yana nan kusa da wanda na zaɓa. Da muka zo kan nawa sai ya rufe ido har ya ƙare. Ya ce bai taɓa jin an rera shi da kyau haka ba, kunnena ba shi da laifi, bakina ne mai gaggawa.

Selestan ya huce, muka koma shan shayi kofi ɗaya. Na kuma koyi faɗin "ban sani ba", kalma uku kacal, ashe ba ta kisa. Sai dai har gobe in Baba Matiyas ya hango ni a kasuwa, ko a gaban wa nake, sai ya ɗaga sanda ya ƙwala min kira: "Mai rakiya! Yi haƙuri, ban shirya ba tukuna."