Sunayen da Na Zuba a Rufaffen Fayil

Da ƙungiyar manoman Garo ta nemi mai rubuta sunaye don rabon irin gyaɗa, na ce ni da na karanta kwamfuta ba zan taɓa biro ba. Na haɗa manhaja da kaina, na taso daga Gwarzo ina hura hanci.

Ashe a cikin manhajar, umarnin da ke rufe fayil na sa shi kafin wanda ke zuba sunaye. In ka rubuta a rufaffen fayil kuwa, kwamfuta abin da ta ga dama take yi. Tawa shiru ta zaɓa. Tun hantsi har la'asar dattawa suna layi a rana, ina ta cewa, "Na gaba!"

Shugaban ƙungiya ya ce, "Malam, karanto mana." Na buɗe fayil, fari fat.

"Ina sunayen?"

"Alhaji, an rufe kafin su shiga."

"Wa ya rufe?"

Na sunkuyar da kai.

Washegari aka sake layi, da littafi da biro. Har yau in na yi sallama a Garo, daga ciki ake amsawa: "Ƙofar a rufe take, Injiniya, amma shigo, ai kai ba ta hana ka."