Ranar da Na So Tura Jirgin Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na nuna gwanintata a filin jirgin Maradi, ko da yake na so ƙwarai in manta.

Ni direba ne, Madarumfa zuwa Ɗan Issa, kuma a tasha an san ni da tada matacciyar mota. Maƙwabcina Malam Yohanna, mai lambun albasa a bakin tafki, matarsa Maman Tabita ta faɗi ta karye a ƙugu. Likita ya ce sai Yamai, kuma hanyar mota za ta ƙarasa ta. Mutanen majami'arsu suka samo ƙaramin jirgi, ni kuma na kai su filin a motata, ina lallaɓa kowane rami.

An shigar da ita, an rufe ƙofa. Matuƙin ya murɗa, sai muka ji ƙas, ƙas, farfela ko motsi. Wata yarinya siririya cikin kayan aiki, wadda na ɗauka mai share jirgi ce (Allah ya yafe mini), ta leƙa ta ce batiri ya mutu, an kwana da wata fitila a kunne. Keken wutar da ake tada jirage da shi kuma yana wurin gyara. Malam Yohanna ya dafe kai.

Nan fa jinin tasha ya motsa. Na naɗe hannun riga, na kira masu gadi da ƴan rakiya, na jera su a bayan fukafukai. Na buga gefen jirgin, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, ina ba matuƙin umarnin giya da kuloci kamar a tasha:

"Direba! Sa bitesi na biyu! In mun tura ya ɗau gudu, sai ka saki ambareyaji!"

Har na ce "Ya Allah, mu je!" sai yarinyar ta rugo.

"Baba, don Allah ku dakata, za ku lanƙwasa masa fiffike."

"Ƴata, koma gefe. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, jirgi ba shi da bitesi. Tayoyinsa ba su haɗe da inji ba. Ko Yamai muka tura shi, a mace zai isa."

Sai daga cikin jirgin muka ji wata ƙara. Maman Tabita ce, tana dariya tana kuka, tana cewa, "Wayyo ƙuguna! Alhaji, ka bari, za ka kashe ni!" Masu gadi suka fashe. Ni kuwa na tsaya hannuna a kan jirgi, na rasa inda zan kai shi.

Ashe Rahila, haka sunanta, ita ce makanikiyar wutar jirgin. Maimakon ta bar ni da kunyata, sai ta jawo ni gefe. Ta ce batirin motata ya yi wa jirgin kaɗan, amma na kamyo, wato babbar motar kaya, guda biyu a haɗe za su yi. Ko na san mai kamyo a kusa? (Tambayar da ta dawo mini da numfashi ke nan.) Na kira wani abokina mai dakon siminti, ya taho a guje.

Ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Ta auna wutar da ɗan abin awonta, ta sake aunawa. Ta sa matuƙin ya kashe rediyo da duk na'urorin ciki don kada su ƙone. Ta jona wayar a wata ƴar kafa da ke gefen jirgin, ta kore mu nesa da farfela, sannan ta ɗaga yatsa. Injin ya yi tari, ya kama. Ta jira batirin ya ɗauki caji kafin ta yarda su tashi. Da ta zare wayar, ta waiwayo ta ce, "Mun gode, Baba, kamyonku ya cece mu."

An yi wa Maman Tabita aiki, yanzu da ƙafarta take zuwa kasuwa, kuma ita ta baza labarin a gari. Ni dai na yi hankali. Ko jaki na gani ya ƙi tafiya, sai na tambayi mai shi yadda yake aiki kafin in sa kafaɗa.