Haifaffen Katsina

Ba na jin zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan abokina Alhaji Sabo a Unguwar Sarki ba.

Ni dillalin motoci ne. A sana'armu, in mai saye ya tambayi motar da ba ka da ita, ba ka cewa babu, sai ka ce tana hanya daga Kwatano. To haka na riƙa yi da littafin tarihin rayuwata da na ce zan rubuta. Duk wanda ya ce, "Alhaji, ina littafin?" sai in ce yana hanya.

Gaskiyar magana, jimlar farko kawai na rubuta a wayata. Kullum in na duba sai in ga ba ta yi ba, in sake wata a ƙasanta. Tsoro nake ji kada 'yan boko su karanta su ce ga ɗan kasuwa ya shigo abin da ba nasa ba. (Ni da nake sayar da mota mai lotsattsen gefe ko ido ban ƙifta ba.)

Ranar walimar, dangin amarya duk manyan ma'aikatan gwamnati ne. Ina cikin cin shinkafa sai na ji mai gabatarwa yana cewa, "Yanzu marubucinmu zai karanta wa ango da amarya wani abu daga littafinsa." Har na waiga ina neman marubucin. Sabo ya dafa ni ya ce, "Kai ne fa. Na gaya wa surukaina aminina marubuci ne, kada ka ba ni kunya."

Ban san yadda na isa gaba ba. Na ciro waya, na karanta: "An haife ni a Katsina." Jama'a na jiran ci gaba. Kaina ya ɗaure, sai kawai na bi layi na gaba. "A Katsina aka haife ni." Na sake gangarawa. "Ni haifaffen Katsina ne." (Wallahi ina jin abin da bakina ke faɗa, amma na rasa birki.) "Birnin Katsina, nan ne mahaifata."

Sai wani dattijo, kawun amarya, ya ɗaga hannu a natse ya ce, "Alhaji, mun yarda. Ba wanda ya musa."

Ango ya dunƙule kai cikin babbar riga yana girgiza. Sabo ya tsura wa farantinsa ido. Ni kuma don ruɗewa na ce, "Allah Ya ba da zaman lafiya," na miƙa wa mai gabatarwa wayata, na taho da makirufo.

Da na koma gida na ba matata Hajiya labari. Sai da ta gama dariya ta ce, "Kunyar da kake gudu ai ka sha ta, har da ƙari. Saura me?"

Washegari bayan asuba na zauna na rubuta shafi ɗaya, mummuna, na hana kaina waiwayarsa. Haka nake yi kullum kafin in fita wurin motoci. Mota dai sai ta taso daga Kwatano ake cewa tana hanya, ko da hayaƙi take yi.

Kwanaki na haɗu da dattijon nan a masallacin Abakpa, ya ce, "Haifaffen Katsina, ana nan dai?"

Na ce, "A'a Baba, a littafin na taso. Jiya na sauka nan garin, a tashar Kawo."