Yadda Ake Raba Tsohuwar Kyanwa da Wutsiyarta a Shekarar Fari

Idan kana da tsohuwar kyanwa mai ruɓaɓɓiyar wutsiya, kana kuma jin kunyar a gan ka kana nema mata magani alhali mutane dussa suke ci, ka zo inda ya dace. Bi matakan nan, na yi maka alkawari wutsiya za ta fita, kyanwa ta rayu, mutuncinka kuma kaɗan zai ragu. Wurin Tahiru baduku na Birni, nan Damagaram, na koyo su, wanda ya yi aikin a shekara ta biyu da ruwa ya ƙi.

1. Nemi wanda za ka ɗora wa laifi

Sunan kyanwar Gwaggo, shekararta sha shida, ita kaɗai ce abin da marigayiya matarsa Zuliha ta bar masa mai numfashi. Shi da kansa ya datse mata wutsiya da ƙyauren zaure yana saurin masallaci. Ya ce iska ce. Kai ma ka ce iska ce, ba ta taɓa musu ba.

2. Toshe kunne da shawarar dangi

Kwana bakwai wutsiya ta yi baƙi ta fara wari. Ƙanwarsa Delu, wadda yunwa ta koro daga Hamdara, ta toshe hanci ta ce, "Yaya, shanun mutane na faɗuwa a kan hanya, kai kana jinyar kyanwa? Bar ta ta bi uwargijiyarta."

Wanzaminsu Illa kuwa cewa ya yi a ba shi aska da mutum biyu masu ƙarfi. Kada ka yarda. Wanzami kan mutum ya sani, mutum kuma ba ya cizo.

3. Ɓoye ta

Tahiru ya sa ta a kwando ya rufe da tsumma. Nan ya yi kuskure, don a shekarar nan duk abin da aka rufe abinci ne. Kafin ya fita ƙofar gari mata huɗu na biye da shi suna sa masa albarka. Da kwandon ya yi kuka suka janye albarkarsu.

4. Iya magana gaban likitan dabbobi

Likitan, Mushe Suma'ila (Mushe ɗin nan "Malam" ne da Faransanci), ya dawo ke nan daga Gaffati, inda ya yini yana duba mushen shanu. Ya buɗe kwandon, ya dubi Tahiru, ya yi dariya har da hawaye. Bar shi ya gama.

"Baba, maganin barcin da ya rage mini kaɗan ne. Ta tsufa, tana iya ƙin farkawa."

"Mushe, in na koma da ita haka fa?"

"Kwana biyar ta mutu."

"To a yanke."

Suma'ila ya naɗe hannun riga. "Wata uku ban taɓa dabbar da za ta tashi ba," in ji shi. "Riƙe mini kanta."

Ya yi mata allura, ya aske gashin, ya yanke sama da inda ya ruɓe, ya bar mata ɗan guntu kamar babban yatsa. Tahiru, da ya shekara arba'in yana ɗinkin fata, ya leƙa ya ce ɗinkin ya karkace. Kada ka yi haka. Saura ƙiris a kore shi. Daga nan ya zauna a ƙasa, hannunsa kan haƙarƙarinta yana sauraron numfashi, bai ɗaga ba har la'asar, sa'ad da ta buɗe ido ɗaya ta yage masa yatsa.

5. Jinya

Hana ta lasar ciwon. Tahiru ya huda ƙoƙo ya zura mata a wuya, ta riƙa yawo tana karo da bango. Kwana uku ta ƙi cin komai. Ya dama rabonsa na garin madarar taimako yana ɗiga mata a baki da tsinke, yana gaya wa Delu azumin nafila yake yi. Daga baya ya kama Delu tana wanke ciwon da ruwan gishiri tana zagin kyanwar ƙasa-ƙasa.

Za ta hau katanga ta faɗo, don da wutsiya take daidaita jiki. Kau da kai kamar ba ka gani ba. Tsoho ba ya son shaida.

6. Kada ka jira godiya

Kwana goma sha biyu aka cire zare. Washegari Gwaggo ta zaga gidan, ta shinshina rumbun da ko ɓera ya daina gaisarwa, ta fice. Gidan Alhaji Mai Nasara ta koma, Bakano mai sayar da hatsi, wanda Tahiru ya shekara tara ba ya yi wa magana saboda faɗan magudanar ruwa.

Ranar Juma'a Tahiru ya sa wankakkiyar rigarsa ya yi sallama a zauren Alhaji.

"Lafiya, Malam Tahiru?"

"Gaisuwa na zo."

Alhaji ya dubi kyanwar da ke kwance kan buhu, ya matsa masa tabarma kusa da ita. Tun daga ranar kullum da yamma yana can, ita kuma takan bari ya shafa ta, in ta ƙoshi.

Gargaɗi: in taka ta ƙi farkawa, ko ta cije ka, ko ta ja ka shiri da maƙiyinka, ba ruwana. Ni ban taɓa kiwon ko kaza ba.