Hular Ciyaman da Kankana Biyu

Akwai wani kocin 'yan tseren keke a garinmu, Malam Nalado, mutum mai sanyin baki, amma in ya sakar maka magana sai ta kwana tana yi maka ƙaiƙayi. Bara wani ɗan tserensa ya faɗi a gangaren dutsen bayan gari babu hula a kansa. Ya rayu, sai dai har yau tuna masa sunan matarsa ake yi. Abin ya tsaya wa Nalado a rai ƙwarai, ya rantse babu wanda zai sake sauko masa gangaren nan da kai a buɗe. Ga shi ran Asabar za a yi tseren bana, mutum goma sha biyu, a wannan gangaren dai.

Sai ga shugaban ƙungiya, Alhaji Mati, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya iso filin atisaye da buhu cike da huluna. Rabonsa da hawa keke tun yana firamare, amma a ilimin keke ba ya ganin kowa da gashi. Da ya ji an ce hular kwano ake buƙata, sai bawan Allah ya ɗauki sunan da gaske, ya nufi wurin masu zubin tukwanen ƙarfe, suka zuba masa goma sha biyu masu kauri, aka huda gefe aka ɗaura igiya. Ya ce waccan ta kanti ai yaudara ce, roba ce da farin soson nan na cikin kwalin rediyo. Tasa kuwa ko tirela ta bi ta kai sai dai tayar ta ji jiki.

Nalado ya ɗaga ɗaya, ya ji nauyinta. Cikin ladabi ya yi bayani cewa masu gwada hular wasanni kan mutum na roba suke sakawa a ciki, su sako ta daga sama, na'ura ta auna girgizar da ta isa ƙwaƙwalwa. Shi ba shi da na'ura, amma yana da tsani, ga kuma mai kankana a bakin titi. Ciyaman ya ce a gwada, dama yana son jama'a su shaida.

Aka ɗaure kankana ɗaya a wata tsohuwar hular kanti, ɗaya a ta Ciyaman, Nalado ya hau tsani ya sako ta kantin. Hular ta tsage, soson ya lotse, kankana kuwa ta fito lafiya lau. Ciyaman ya yi dariya har da riƙe ciki, yana nuna wa mutane tsagar. Aka sako tasa. Ta yi ƙara kamar ƙararrawar makaranta, jan ruwa ya malalo ta ƙarƙashi, 'ya'yan kankana suka watsu a siminti. 'Yan tseren kuwa kowa ya kai hannu yana shafa ƙeyarsa.

Ciyaman ko kallon kankanar bai yi ba. Ya ɗauki hularsa, ya zazzage abin da ya rage, ya goge ta da bakin riga, ya ɗaga sama.

"Ka gani, Malam Nalado? Ko ƙwarzane babu. Wannan sai ta shekara ashirin."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Duk wanda ya faɗi da ita, magada za su same ta sabuwa fil."

Fuskar Ciyaman ta canja. Ya ce wannan gwajin banza ne, kan mutum ba kankana ba ne, kuma shi ba ya kawo wa jama'a abin da bai gwada ba.

"Jiya da kaina na sa ta, na buga kaina da bango sau uku. Ga ni nan garau, babu abin da ya motsa a ciki."

Nalado ya sauko daga tsani a hankali, ya kaɗe hannuwansa.

"Ai shi ya sa na nemo kankana, ranka ya daɗe. Gwajin sai da abin da ke da wani abu a ciki."